Yadda Ruwa Kan Ci Mutum a Kan Tudu

A daren ranar 2 ga watan Disamba, 1984, wata iska mai guba ta ƙwace daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide da ke birnin Bhopal na ƙasar Indiya. Kimanin tan 40 na wannan guba ya bi unguwannin talakawa alhali jama'a na barci, mutum fiye da dubu 500 suka shaƙe ta. Daga baya gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da rasuwar mutum 3,787. Da likitoci suka binciki gawarwakin, sai suka tarar huhun da yawa daga cikinsu cike da ruwa, tamkar waɗanda kogi ya ci.

To, daga ina ruwan ya fito? Daga jikinsu. Huhun ɗan Adam yana ƙunshe da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kowace kewaye da siraran jijiyoyin jini. Tsakaninsu akwai wani tantani marar kauri, wanda ta cikinsa ne iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Idan guba, ko hayaƙin gobara, ko ciwon nimoniya mai tsanani suka raunana wannan tantani, sai ruwan jini ya riƙa tsattsafowa cikin jakunkunan har su cika. Daga nan numfashi ya koma haki, leɓɓa su yi shuɗi, wani lokaci kumfa ta biyo tari.

A shekarar 1967 ne Dakta Ashbaugh da Dakta Petty da abokan aikinsu a birnin Denver na Amurka suka fara bayyana wannan larura, bayan sun lura da majiyyata 12. A yau akan taimaki majiyyaci da oksijin da na'urar numfashi, akan kuma kwantar da shi rub da ciki domin huhun ya ƙara buɗewa, yayin da ake maganin tushen ciwon.

Abin lura shi ne, ruwan kan ɗauki sa'o'i kafin ya taru. Saboda haka duk wanda ya shaƙi hayaƙi mai yawa ko iska mai guba, ko da ya miƙe garau, ya kamata a gaggauta kai shi asibiti, kada a jira sai numfashi ya gagara.