GARGAƊI: Birkin Jirgi In Ya Yi Laushi, Kada a Tashi!

Zuwa ga ɗalibai matuƙa da masu koyon gyaran jirgi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, musamman 'ya'yanmu na Jushi, Samaru da Sabon Gari.

In ka taka birki kafin tashi ka ji ƙafarka ta nutse, ko sai ka yi ta dannawa kafin ya kama, tsaya nan! Jirgi irin Diamond DA40 da birkin dama da na hagu ake karkata shi yana tafe a hankali a ƙasa. Gefe guda ya saki, hanya za ka bari.

Laushin nan ba ya rasa dalili. Mafi yawa iska ce ta shiga bututun man birki; mai ba ya matsuwa, ita kuwa tana matsuwa, sai ta shanye ƙarfin ƙafarka. Ko mai ya ragu saboda yoyo: durƙusa ka duba, jan ɗigo a gindin taya ko danshi a ƙarƙashin feda shaida ne. Ko robar silinda ta cinye, ko tsohon tiyo yana kumbura in an taka. Ɗora ƙafa a birki ana tafe kuma, ga zafin bazara, yana gasa shi har ya daina kamawa.

Babban haɗari shi ne zuba man da ba nasa ba. Yawancin ƙananan jirage jan mai suke sha, MIL-PRF-5606, ɗan asalin man fetur, wanda tururinsa kan kama wuta a zafin da bai kai na MIL-PRF-83282 ba, mai jure sama da digiri 200. Man birkin mota, DOT 3 da DOT 4 da ke cike a shagunan Sabon Gari, yana tsotsar ruwa, yana kuma lalata robobin da aka yi don jan mai. Haka Skydrol na manyan jirage. Abin da littafin jirgin ya ce, shi kaɗai za a zuba.

Rubuta matsalar a littafin gyara, ka kira injiniya mai lasisin hukumar NCAA. A toshe yoyon tukuna, sannan a tura mai daga wajen taya zuwa sama har kumfa ya ƙare.

Kada kunyar malami ta sa ka yi shiru. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya karanta ya sanar da ɗan'uwansa. Allah Ya tsare mu.