Hawan Dutsen Kilimanjaro da Halin da Jiki ke Shiga

Dutsen Kilimanjaro da ke ƙasar Tanzaniya shi ne mafi tsawo a nahiyar Afirka, domin ƙololuwarsa, wadda ake kira Uhuru, ta kai mita 5,895 daga doron teku. Wato ya ninka Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya, fiye da sau biyu. A shekarar 1889 ne Hans Meyer, Bajamushe, da Ludwig Purtscheller, ɗan Ostiriya, suka fara kai wa ƙololuwar. Mai hawa ta hanyar Marangu yakan ɗauki kwana 5 ko 6, ta hanyar Machame kuwa kwana 6 ko 7.

Abin da ya fi kayar da masu hawa shi ne ƙarancin iska. Ko'ina a kan dutsen, iskar oksijin ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kamar yadda take a ƙasa. Sai dai nauyin iska yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya ƙara sama, har a ƙololuwa ya koma kusan rabin na bakin teku. Saboda haka kowane numfashi rabin oksijin ɗin da jiki ya saba da shi yake kawowa huhu.

Jiki ba ya zama haka nan. Da farko numfashi da bugun zuciya sukan ƙara sauri. Sannan ƙoda takan saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu ɗaukar oksijin. Amma wannan aiki yana buƙatar kwanaki, har makonni. Wanda ya yi gaggawa bayan ya wuce mita 2,500 yakan gamu da ciwon kai da tashin zuciya da jiri da rashin barci. Idan ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, kuma kowannensu na iya kisa cikin ɗan lokaci. Babban magani shi ne a sauko da shi nan take.

Dalilin da ya sa likitoci ke ba da shawarar cewa bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500 ke nan. A hanyar Machame akan hau har kusan mita 4,600 da rana, a sauko Barranco, wajen mita 3,900, a kwana, don jiki ya saba. 'Yan jagora kan yawaita faɗin "pole pole" da Swahili, ma'ana sannu sannu, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma sanyi, domin zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Busasshiyar iska kuma tana zuƙe ruwan jiki ta hanyar numfashi, don haka dole a yawaita shan ruwa.

Masu cutar sikila suna cikin haɗari na musamman, saboda ƙarancin oksijin yana sa ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Ko mai rukunin AS na iya samun matsalar saifa a irin wannan tsawo. Ya wajaba duk mai niyyar hawa ya san rukunin jininsa, ya kuma ga likita kafin ya ɗaura jaka.