Ajin sana'ar hannu na yara: Yadda za ka tsara shi a Jajaye da kewaye

Ɗan'uwa matashi, ko 'yar'uwa, idan ka gama sakandare ko NCE kana zaune a Jajaye, Zarewa, Fulatan ko cikin garin Ƙaraye kana jiran aiki, duba ƙannenka da kyau. Yaron da ke zubar maka da hawaye don ka ara masa waya, babansa da hannunsa ya ƙera motar kara. Masu saƙa faifai da ginin tukunya suna tsufa, roba ta cinye musu kasuwa, 'ya'yansu kuma ba su koya ba. A manhajar firamare akwai darasin al'adu da fasaha, amma sau da yawa a allo yake ƙarewa saboda babu kayan aiki. Wannan giɓin kai za ka iya cike shi, kuma ba sai da jari mai yawa ba.

Fara da jigo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara yara a ce "kowa ya yi abin da yake so". Kafin minti goma an fara jifa da laka. Zaɓi jigo guda na wata ɗaya, kuma ka bar yanayi ya zaɓa maka.

Da kaka, bayan an yanke dawa, kara ya wadata: jigon "Ranar Kasuwa" ya dace. Makon farko a yi motoci da amalanke da sillen kara, na biyu rumfuna, na uku kayan sayarwa, na huɗu a haɗa kasuwar gaba ɗaya. Da rani yumɓu yana bushewa da wuri, sai a ɗauki jigon "Madatsar Challawa", wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye: kifi, kwale-kwale, masunta da shanu a bakin ruwa. Gabanin Sallah kuwa, dokin kara da adonsa, rawani da laimar takarda. Da damina ka bar yumɓu, ba ya bushewa. Koma ga kaba, zare da tsofaffin kwalaye.

Launi yana cikin gida

Kada tsadar fenti ta hana ka. Zoɓo yana ba da ja, kurkum rawaya, gawayi baƙi. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, a gonakinmu yake fitowa. Idan ka zo darasin rini, ba su labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, inda har yau ake rini da baba da toka. Yaro ya ji cewa abin da yake yi da ƙyalle da zare yana da tarihin sama da shekara 500, zai riƙe shi da daraja.

Lokaci da izini

Kafin ka kira yaro ko ɗaya, je ka gaida mai unguwa, ka yi wa iyaye bayani, ka sanar da malamin Islamiyya. Ranar Alhamis da yamma ta fi, tunda babu karatun allo. Kada ka yi karo da lokacin gona, iyaye ba za su sakar maka yara ba. A yi ajin a fili inda kowa ke gani, ajin 'yan mata kuma mace ta riƙe shi.

Yara goma zuwa sha biyu sun ishi mutum ɗaya. Raba su: 'yan shekara 5 zuwa 8 su murza yumɓu su shafa launi, manya su yi yanka da saƙa. Awa ɗaya ta isa. Minti goma na labari a kan jigon, arba'in na aiki, goma na shara da wanke hannu. Kuma ka gwada yin abin da kanka a gida tukuna. A nan za ka gano inda zai ba yaro wahala.

Nan fa ba wasa

Ɓawon kara yana yanka kamar reza. Duk wani yanka na ƙanana kai za ka yi kafin su zo, wuƙa kuma ta zauna a hannunka. Kada ka taɓa aiken yaro ɗebo yumɓu a kududdufi ko bakin rafi. Rauni ɗaya ya isa ya rufe ajin, ya kuma zubar da amanar da iyaye suka ba ka.

Gayyato masu abin

Ba komai ka iya ba, kuma ba laifi ba ne. Akwai Iya mai saƙa faifai a unguwarku, akwai Baba mai gyaran ƙwarya. Je ka durƙusa ka roƙe su rana ɗaya, ka ba su ɗan goro. Abin da za su nuna a zama ɗaya, bidiyon YouTube ba zai koyar ba.

Batun kuɗi, kada ka fara da shi. Watan farko kowa ya zo da kara ko kwali daga gida. A ƙarshen wata ka baje kolin aikin a ƙofar makaranta, kowane abu da sunan mai shi, ka gayyaci iyaye. Uban da ya ga abin da ɗansa ya ƙera, shi da kansa zai tambaye ka nawa ne kuɗin wata mai zuwa.