Makaranta a falo: abin da waya ta sauya a karatun gida, da abin da ta kasa sauyawa

A garejin gidan iyayensa da ke birnin Long Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani matashi mai suna Palmer Luckey ya shafe shekarun samartakarsa yana kwance tsofaffin na'urori yana sake haɗa su. Lokacin da sa'o'insa ke zaune a aji, shi yana gida, domin mahaifiyarsa ce ke koyar da shi tare da 'yan uwansa mata, mahaifinsu kuma yana aiki a wurin sayar da motoci. A wannan garejin ne ya ƙera samfurin farko na tabarau ɗin nan da mutum ke ɗaurawa a fuska ya ga kamar ya shiga cikin wasan kwamfuta, wanda daga baya aka sani da Oculus Rift. A shekarar 2014 Facebook ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 2. Luckey yana da shekara 21 a lokacin.

Ba shi kaɗai ba ne. David Karp ya bar sakandare a New York yana ɗan shekara 15, ya ci gaba da karatu a gida, ya buɗe dandalin Tumblr a 2007, Yahoo ya saye shi a 2013 a kan dala biliyan 1.1. Erik Demaine, ɗan ƙasar Kanada, mahaifinsa ne ya koyar da shi, ya shiga jami'a yana da shekara 12, ya fara koyarwa a jami'ar MIT yana da shekara 20.

Irin waɗannan labaran ne ake yaɗawa a TikTok da Facebook da taken cewa zamanin makaranta ya wuce, waya da data sun isa. Sai dai duk wanda ya sake karanta labarin Luckey zai ga cewa akwai mutum ɗaya da masu yaɗa shi ke tsallakewa: uwar da ta zauna a gida shekara da shekaru tana koyarwa, yayin da albashin mijinta ke riƙe da gidan.

Daga laifi zuwa doka

Karatun gida na zamani, wato iyaye su cire ɗansu daga makarantar gwamnati su ɗauki nauyin koyar da shi da kansu, ya samo ƙarfinsa ne a Amurka a shekarun 1970. Wani malamin makaranta mai suna John Holt, wanda ya gaji da ganin yadda tsoron faɗuwa jarrabawa ke kashe wa yara sha'awar tambaya, ya fara fitar da mujalla ta musamman ga irin waɗannan iyaye a 1977. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Raymond Moore da matarsa Dorothy, waɗanda suka yi ta jayayya cewa ana kai yara makaranta da wuri fiye da kima. A shekarun 1980 iyalai Kiristoci masu ra'ayin riƙau suka rungumi tsarin, saboda suna son tarbiyyar addini ta kasance a hannunsu. A wancan lokacin akwai jihohin da ake gurfanar da iyaye a kotu kan hana yaro zuwa makaranta. Sai a 1993 ne abin ya zama halal a idon doka a duka jihohi 50.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka sun nuna cewa yara kusan 850,000 ne ke karatu a gida a 1999. Zuwa 2012 adadin ya kai kusan miliyan 1.8. Kuma dalilin da iyaye suka fi ambata a binciken hukumar shi ne damuwa da yanayin makarantar kanta: tsaro, miyagun ƙwayoyi da miyagun abokai.

Sai annobar korona ta zo. Binciken hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ya gano cewa a watannin farko na annobar a 2020, kashi 5.4 cikin 100 na gidajen da ke da yara 'yan makaranta ne ke koyar da su a gida. Kafin ƙarshen shekarar ya zama kashi 11.1. A gidajen baƙaƙen fata tsallen ya fi girma: daga kashi 3.3 zuwa kashi 16.1. Bayan buɗe makarantu adadin ya sauka, amma bai koma inda yake da ba.

Abin da intanet ta rage wa iyaye

A zamanin Holt, uwar da ta manta lissafin sakandare ba ta da mafita sai ta sayi littattafai masu tsada ta gidan waya ko ta ɗauko malami. Wannan matsalar ce intanet ta kusa kawarwa, kuma abin mamaki, shi ma daga cikin gida aka fara. A 2004 Salman Khan, wani ma'aikacin harkar kuɗi a Amurka, ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa. Da sauran dangi suka nemi a sa su, sai ya fara ɗora darussan a YouTube a 2006. Daga nan Khan Academy ta fito, kyauta har gobe, kuma ba bidiyo kawai take da shi ba: tana ba yaro tambayoyi, tana duba amsa nan take, tana nuna wa uba ko uwa inda ɗansu ya maƙale. Manhajarta ta waya tana barin mutum ya sauke darasi ya kalla ba tare da data ba.

Ga mai son yaro ya fara koyon rubuta manhaja akwai Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, inda yaro ke jera tubalan umarni kamar mai gini maimakon rubuta lambobi. Ga inda netwok ba shi da ƙarfi, wanda shi ne halin da yawancin masu karatunmu ke ciki, manhajoji biyu sun cancanci a san su. Kiwix tana sauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a kan waya ko memori, a karanta ba intanet. Kolibri kuma, ta ƙungiyar Learning Equality, ana sa ta a kwamfuta ɗaya, ko tsohuwar laftof ce, a sauke darussa sau ɗaya, sannan sauran wayoyin gidan su haɗu da ita ta wifi na cikin gida su yi karatu ba tare da an ƙona ko megabait ɗaya ba. Ga gidan da ke da yara huɗu da kuɗin data na mutum ɗaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da na'ura ba ta yi

Matsalar ita ce samun darasi daban, kammala shi daban. Wasu masu bincike a MIT sun duba bayanan darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT suka ɗora a dandalin edX, suka wallafa sakamakon a 2019: a shekarar ƙarshe da suka duba, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga darussan suka kai ƙarshe. Kuma waɗannan yawancinsu manya ne da suka yi rajista da son ransu. Duk wanda ya taɓa sauke cikakken kwas ɗin koyon Python ya tsaya a bidiyo na shida ya san yadda abin yake. To ina ga yaro ɗan shekara tara da aka miƙa wa wayar da ke ɗauke da darasin lissafi da kuma wasan ƙwallo a allo ɗaya?

An taɓa gwada tunanin cewa a ba yaro na'ura kawai zai koyar da kansa, kuma da kuɗi masu yawa aka gwada. Shirin laftof ɗaya ga kowane yaro, wato One Laptop per Child, ya raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙasar Peru. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya gano cewa yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Najeriya ma ta ɗanɗana shirin a wata firamare a Abuja, inda a 2007 aka ba da rahoton cewa wasu ɗalibai na shiga shafukan batsa da kwamfutocin, sai da aka sa musu matattara.

Akwai kayan kariya, kuma ya kamata a yi amfani da su. Family Link ta Google tana barin iyaye su ƙayyade awannin da yaro zai yi a waya, su amince ko su ƙi kowace manhajar da zai sauke, su kulle wayar daga nesa. A Android ana iya maƙale manhaja ɗaya a allo ta yadda ba za a fita daga cikinta ba sai da lambar sirri, iPhone ma tana da irin wannan a ƙarƙashin Guided Access. Amma duk waɗannan hana yaro wasa suke yi. Ba sa lura cewa ya amsa tambaya daidai ne don ya haddace tsarin amsar ba don ya gane ba, kuma ba sa ganin lokacin da ya yi shiru saboda kunyar cewa bai fahimta ba. Wannan aikin babba ne da ke zaune kusa da shi, kowace rana, awanni da dama. Shi ya sa a Amurka mafi yawan masu karatun gida iyalai ne masu uwa da uba, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu, galibi uwar, ta ajiye aiki ko ta rage shi. Iyayen kuma kan haɗa ƙungiya a unguwa, wannan ta ɗauki kimiyya, wancan ya ɗauki tarihi, yara su haɗu sau ɗaya ko biyu a mako. In an duba da kyau, ƙaramar makaranta suka sake ginawa.

Maganar da ake yawan yi cewa 'yan karatun gida sun fi 'yan makarantar gwamnati maki ita ma sai an yi hattara da ita. Yawancin binciken da ke nuna haka a kan iyalan da suka kawo kansu aka yi shi, kuma uban da ɗansa ya kai shekara goma bai iya karatu ba ba zai yi saurin cike fom ɗin bincike ba.

Yaron da ba wanda ke gani

Makaranta tana yin wani aiki da ba a rubuta a jadawali ba: wani babba da ba ɗan gidan ba yana ganin yaron kullum. A watan Janairun 2018, a garin Perris na Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara 17 ta fita ta taga da wata tsohuwar waya da ba ta da layi mai aiki, ta kira lambar gaggawa ta 911, wadda a Amurka ke shiga ko da an yanke layin. 'Yan sanda suka tarar da 'yan uwanta 12 cikin yunwa, wasu a ɗaure da sarƙa. Mahaifinsu ya yi wa gidan rajista a matsayin makaranta mai zaman kanta, kuma dokar jihar ba ta tilasta wa kowane jami'i zuwa ya duba yaran ba. Irin wannan ba shi ne halin yawancin masu karatun gida ba, amma shi ne dalilin da ya sa dokokin suka bambanta. A Texas iyayen da ba su taɓa sa yaro a makaranta ba ba sa buƙatar sanar da kowa. A New York sai sun miƙa tsarin karatun shekara, da rahoto sau huɗu, da sakamakon gwaji a ƙarshe.

A Turai an fi tsanantawa. Jamus ta haramta abin, har wasu iyalai suka gudu Amurka neman mafaka a 2008, kuma a 2019 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukumomin Jamus a ƙarar da wasu iyayen suka shigar. Faransa ta yi doka a 2021 cewa sai an nemi izini tukuna. Ingila kuwa ta bari, domin dokarta ilimi ta wajabta, ba zuwa makaranta ba.

Idan a Kano ko Gusau ne fa?

Karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga mata har gidajensu. Yau ma gidaje da yawa na da malamin da ke zuwa da yamma, ko yayar da ke yi wa ƙanne bita. Kuma bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, uban da ya ce zai riƙe 'yarsa a gida ba wanda zai ce ba shi da dalili.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata ya sani kafin ya yanke shawara. Na farko doka: dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, ta kuma tanadi tsawatarwa a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya maimaita. Na biyu takarda. Yaron da ya yi karatu a gida zai iya zana jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ba tare da wata makaranta ta tsaya masa ba, ya kuma yi rajistar JAMB da lambarsa ta NIN. A jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu ɗalibin kimiyya ba ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ana ba shi tambayoyin gwajin ne a rubuce a madadinsa. Zai iya cin jarrabawar, amma zai isa jami'a bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, sai dai in iyayensa sun nema masa inda zai taɓa.

Ga manhajar da ta fi dacewa da jarrabawar gida, akwai Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta, kuma an tsara darussanta a kan manhajar karatun Najeriya daga firamare zuwa sakandare. Khan Academy ta fi ta zurfi a lissafi, amma a kan tsarin karatun Amurka aka gina ta kuma da Turanci take magana, don haka yaron da bai riƙe Turanci ba sai an sami wanda zai zauna gefensa yana tsayar da bidiyon yana fassara masa.