Ƙarin Matsin Mai Yana Ƙara wa Mota Ƙarfi?

Direban da ke jigilar fasinja tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka ya san ranar da motarsa ke ja, ya kuma san ranar da take nauyi. Idan ta fara kasala a kan hawa, cikin shawarwarin da akan ba shi har da sauya wata ƙaramar na'ura mai daidaita matsin mai. Akwai irinta ta kasuwa, wadda ba kamfanin motar ya ƙera ba, mai ɗauke da agogon awo da noti da ake murɗawa don ƙara matsi. Masu sayar da ita sukan ce tana ƙara gudu. Shin kimiyya ta yarda da haka?

Aikin Na'urar

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, yawancinsu da kafireto suke aiki. A cikinsu iskar da inji ke zuƙa ce ke janyo fetur, saboda haka ba su buƙatar matsi mai yawa. Motocin da suka biyo baya, kamar Golf da Camry da Accord na shekarun 1990, da nozul suke fesa mai. Famfon lantarki da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfi zuwa wani bututu da nozul-nozul ke jere a jikinsa. A yawancin waɗannan motoci matsin yana kusan bar 3, wato kimanin 43 a ma'aunin masu faci, ya ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

A ƙarshen bututun ne na'urar take. A cikinta akwai wata fatar roba da sifirin ke tokare da ita. Idan matsi ya wuce ƙima, sai fatar ta ɗaga, rarar man ya koma tanki. Ke nan na'urar ba ta samar da matsi, famfo ne ke samar da shi. Ita rage shi take yi zuwa adadin da aka tsara. A motoci da dama da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, an mayar da ita cikin tanki kusa da famfo.

Iska Ce Ke Iyakance Ƙarfi

Fetur ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin. Domin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Inji kuwa ba ya iya zuƙar iskar da ta wuce faɗin silindojinsa. Duk man da aka ƙara bayan iskar ta ƙare, fita zai yi ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi. Gaskiya ne inji yana ba da ƙarfinsa mafi yawa idan man ya ɗan rinjaya, wajen kashi 1 na mai ga kashi 12.5 zuwa 13 na iska. Sai dai ƙwaƙwalwar motar ta riga ta san da haka, kuma da kanta take ƙara mai a duk lokacin da direba ya taka totur har ƙasa.

Bugu da ƙari, a jikin bututun hayaƙi akwai na'urar da ke auna oksijin ɗin da ya rage, irin wadda kamfanin Volvo ya fara sa wa motocinsa a 1976. Idan aka ƙara matsi, na'urar za ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa mai ya yi yawa, ita kuma sai ta rage lokacin da nozul ke buɗewa. A tafiya ta yau da kullum, abin da aka ƙara da hannu, kwamfuta ta zare shi. Idan ƙarin ya fi ƙarfin gyaranta, fulogi ya yi baƙi, fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya soma lalacewa.

Ɗan Lissafi

Yawan man da ke fita ta nozul ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi. Sai an ninka matsi sau 4 kafin man ya ninku sau 2. Idan aka ɗaga matsi daga bar 3 zuwa bar 4, an ƙara kashi 33 cikin 100, amma man da ke fita kashi 15 kawai zai ƙaru, famfo kuma ya ƙara wahala. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan da dogon galan mai huji a gindi: idan zurfin ruwa a saman hujin ya ninku sau 4, saurin tsartuwar sau 2 kacal zai ninku. Wannan ita ce ƙa'idar da Torricelli, masanin ƙasar Italiya, ya bayyana a ƙarni na 17.

Inda Take da Amfani

Na'urar da ake murɗawa tana da gurbinta. Idan an yi wa inji babban sauyi, kamar ɗora masa tobo mai cusa ƙarin iska, tare da manyan nozul da babban famfo, aka kuma sake tsara ƙwaƙwalwarsa, to ana buƙatarta. Haka nan idan aka sa wa mota mai kafireto famfon lantarki mai ƙarfi, dole a sami abin da zai rage matsin. Motar haya da ba a taɓa injinta ba, ba ta cikin waɗannan.

Me Ke Sa Mota Kasala?

A hanyoyi masu ƙura, musamman lokacin hunturu, matatar iska ce ke fara toshewa. Man bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da datti ko ruwa, ya toshe filta da nozul. Famfo ma yakan gaji. Bakanike mai agogon awo yana iya gane ko matsi ya faɗi cikin 'yan mintoci. Idan kuwa na'urar asali ce ta mutu, alamarta a fili take: a zare siririn tiyon iska da ke jikinta, in aka ga fetur a ciki, fatar ta yage. Maganinta shi ne a sa wata mai lamba da matsi iri ɗaya. Ta kasuwa marar inganci tana iya yoyo a kan inji mai zafi, gobara ta tashi da fasinja a ciki.

Kammalawa

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita tana da nauyi a aljihun direba. Kuɗin da zai kashe a kan na'urar da za ta ƙara masa shan mai, ya fi masa amfani ya sayi matatar iska, filta da fulogi masu kyau, a kuma auna masa matsin famfo kafin a sauya komai.