Abin da ya kamata ku sani kafin ku kira abokai zaman ɗanɗanon banda

Gardamar kifi a ƙasar Yauri ba ta ƙarewa. Wani zai rantse cewa bandar tarwaɗa ta gefen Wara ba ta da ta biyu, wani ya ce in ba ta hannun matan Gungawa ba ce kada ma a kawo masa, mutumin Shanga kuma ya yi murmushi ya ce duk ba ku ci kifi ba tukuna. Abin da ya hana a raba gardamar shi ne kowa ya ci nasa a rana daban, da yunwa daban, a cikin miya daban, kuma ya san hannun da ya banda shi tun kafin ya kai baki. Harshe kuwa yana jin maganar zuciya. In kana son mutum, kifinsa ma daɗi yake yi maka.

Akwai hanyar da ake bi a raba irin wannan gardama, kuma waɗanda suka goge a kanta mutane ne da kayansu ba namu ba ne: masu giyar inabin nan ta ƙasar Fotugal da ake kira port. Hukuncin giya a addininmu a bayyane yake, jihar Kebbi kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, don haka ba gayyatar kowa nake yi zuwa kwalba ba. Tsarin zaman nake so mu duba, domin tsarin ba ya bugarwa.

Ana noman inabin wannan giya a kan tsaunukan da ke gefen kogin Douro a arewacin Fotugal. Ana cikin ruɓar da ruwan inabin sai a zuba masa barasa mai ƙarfi, ruɓar ta tsaya, zaƙin ya rage a ciki, sannan a kai gangunan zuwa garin Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga birnin Porto, su yi shekaru a ajiye. Bayan yarjejeniyar cinikin da Ingila da Fotugal suka ƙulla a 1703 kasuwa ta buɗe, kuɗi suka shigo, algus ya biyo baya. Wasu suka riƙa rina gurɓatacciyar giya da ruwan 'ya'yan itace don ta yi duhu, suna sayarwa da sunan ta Douro, har masu saye suka ja baya, farashi ya faɗi. A 1756 gwamnatin Pombal ta shata iyakar gonakin da ke da ikon amfani da sunan, daga baya aka kafa duwatsu fiye da 300 a matsayin alama. Har yau akwai hukuma a Porto mai rukunin maɗanɗana, waɗanda sai sun amince kafin a sayar da kwalba da wannan suna, kuma suna ɗanɗanawa ne ba tare da sanin kamfanin da ya kawo ba.

Masu sha'awar abin a Ingila da sauran ƙasashe sun kwaikwayi wannan a zamansu na abokai. Mutum goma ko sha biyu su haɗu, kowa ya zo da kwalba ko a yi karo-karo, a rufe sunayen, a jera kofuna masu lamba, kowa ya rubuta abin da ya ji, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a sannan a buɗe. Ƙarfin rufe suna ya fito fili a birnin Faris a watan Mayu na 1976, lokacin da wani ɗan kasuwa Baturen Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara alƙalai Faransawa tara, ya haɗa musu giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da suna ba. A rukuni biyun da aka gwada, ta Amurka ce ta zo ta ɗaya, da makin da Faransawan suka bayar da hannunsu.

To, mu dawo gida. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya kwanta ya kai murabba'in kilomita 1,200 da ɗoriya, ya cinye tsohuwar Busa da gungu da dama, ya tayar da mutane fiye da dubu 40. Amma ya bar wa Yauri da Ngaski da Shanga sana'ar da ta ciyar da gidaje ba iyaka: giwan ruwa, tarwaɗa, ramboshi, ƙarfasa, faliya, kurungu, yauni. Abin da ba a sayar ɗanye ba a banda shi, a ɗure a kwali, a ɗora a mota zuwa kasuwannin kudu. A can ana cinikinsa ne da irin kifin da girmansa. Sunan wadda ta kwana tana juya shi a kan wuta ba ya tsallake tasha, wadda ta yi da kyau da wadda ta yi gaggawa kusan kuɗi ɗaya suke karɓa. A ganina wannan ita ce babbar asarar, kuma zaman ɗanɗano shi ne mataki mafi arha na fara gyara ta.

Abu na farko da za ku tsayar shi ne tambaya ɗaya tak. Kada a haɗa giwan ruwa da kurungu a ce wanne ya fi, wannan son rai ne kawai. Ko dai a ɗauki irin kifi ɗaya, misali tarwaɗa masu girma ɗaya, daga hannun masu banda huɗu ko biyar, ko kuma hannu ɗaya da itace daban-daban, kirya da marke da duk abin da aka saba hurawa a wurinku. Ana iya gwada murhu ma: na laka, na ganga, da irin na zamani, kamar murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana wajen 1969 ko waɗanda cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa ta daɗe tana gwadawa. Kada samfurin ya wuce shida. Bayan haka hayaƙi ya riga ya cika baki, komai ɗanɗano ɗaya yake yi.

Mutum shida zuwa goma sun isa. A yi karo-karo, a ba mutum ɗaya amintacce kuɗin ya shiga kasuwa ya saya kamar kowane mai cefane. In ya ce wa mai kifi gwaji za a yi, za a tsamo masa na saman kwando ne, wanda ba shi ake sayar wa jama'a ba. Wannan mutumin shi ne mai rabo, kuma ba ya cikin masu ba da maki. Shi kaɗai ya san wane kifi ne na wa, ya rubuta a takarda ya ninke ya sa a aljihu. Kwanukan su zama iri ɗaya, farare in da hali. Kada a sa musu lamba 1, 2, 3, domin ido yana ɗaukar na ɗaya a matsayin na gaba. A sa lambobin da ba su nufin komai, kamar 482 da 917.

Lokacin da ya fi dacewa hantsi ne, da hasken rana, ba a ƙoshe ba kuma ba da yunwa ba. A roƙi kowa ya bar goro da taba da alewar minti tun da safe, kuma ranar dai a yi haƙuri da turare. Mutum ɗaya da ya fesa turare mai ƙarfi ya isa ya ɓata wa kowa hanci.

Zagayen farko na ido ne da hannu da hanci, ba a kai komai baki. Ɗauki kifin ka juya shi. Bandar da wuta ta ratsa a hankali launinta ɗaya ne daga kai zuwa wutsiya, ruwan ƙasa mai duhu da ɗan sheƙin mai. Wanda aka matsa wa wuta baƙi ne ƙirin a waje, in ka karya kuma ka tarar da tsakiyar da laushi da danshi, irin wanda ba ya kwana bakwai sai ya fara fumfuna. Karya shi kusa da kunne ka ji ko ya yi ƙas ko ya lanƙwashe. Buga shi a kan farar takarda: in gari ya zubo kamar dusa, ƙwaro ya riga ku ci, duba cikin kai da gefen ƙaya za ka ga ramukansa. Sannan ka sunsuna wurin da ka karya, ba bayan fatar ba. Ƙamshin itace daban, ƙauri daban, ƙarnin kifin da ya kwana kafin a ɗora shi daban, haka warin kananzir ko robar da aka hura wuta da ita, wanda ba ya ɓuya.

A nan dole in yi gargaɗi. Wasu marasa tsoron Allah suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari irin su piya-piya don kada ya yi tsutsa, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin kashedi a kai. Irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Duk kifin da aka ji yana warin magani a fitar da shi daga zaman, kada a ce bari a ɗan taɓa. Kuma kada ku ɗauka harshe zai gano kowace guba. Wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Zagaye na biyu shi ne na baki. Mai rabo ya wanke kowane kifi da ruwan zafi, ya yanko wuri ɗaya daga kowanne, tsakiyar baya misali, domin ciki ya fi maiƙo, wutsiya ta fi bushewa. A tafasa kowanne a tukunyarsa, ruwa gwangwani ɗaya, gishiri tsunkule ɗaya, tsawon lokacin tafasa ɗaya. Ba yaji, ba daddawa, ba ɗunƙulen ɗanɗano, ba albasa, duk da na san a Yauri hana albasa kusan laifi ne. A fara kurɓar romon, sannan a tauna naman. Abin lura shi ne gardi, da yadda tsokar ke rabuwa, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye: daɗi ne ko ɗaci ko maƙaƙi. Tsakanin kwano da kwano a kuskure baki da ruwa, a ci lomar farar shinkafa. Kada kowa ya fara daga kwano ɗaya, domin na farko yakan ci albarkacin sabon baki.

Wurin da zaman namu zai fi wahala ba kifin ba ne, kunya ce. In dattijon wurin ya ajiye cokali ya ce “wannan shi ne kifi”, an gama, babu yaron da zai ce a'a. Don haka a yi shiru har kowa ya gama ba da makinsa. Mai iya rubutu ya rubuta, daga ɗaya zuwa biyar. Wanda ba ya rubutu a ba shi tsakuwa uku, ya je bayan zana inda aka jera ƙoƙuna masu lamba a rufe, ya jefa biyu a wanda ya fi so, ɗaya a mai bi masa. In an zo magana, ƙaramin cikinku ya fara. A faɗa wa babba tun farko cikin ladabi: “Baba, a gafarce mu, yau kai ne za ka rufe mana.” Yawanci dariya zai yi, kuma ya fi kowa son jin abin da yaran za su ce.

In an samu wanda ya dage cewa shi ko a duhu zai gane bandar garinsu, akwai gwajin da kamfanonin abinci ke yi wanda ya dace da shi. A ba shi kwano uku, biyu kifi ɗaya ne, ɗaya daban, a ce ya fitar da baren. Mai cinta kawai yana dacewa sau ɗaya cikin uku. Saboda haka in ku tara ne kuma mutum uku ko huɗu kaɗai suka gane, ba a nuna wani bambanci ba. In bakwai ko takwas suka gane, to akwai shi, sai a nemi dalili.

Yawancin masu banda a bakin tafkin nan mata ne, kuma zaman da ba a ji ta bakinsu ba ragagge ne. Su ne za su gaya muku cewa ɗacin nan ɗanyen itace ne, laushin nan kuma hadari ne ya taso aka kwashe da wuri. Su yi nasu zaman a cikin gida da wannan tsari, ko a aika musu da kwanukan da lambobinsu. Idan an buɗe takardar mai rabo, a yayata sunan wadda ta zo ta ɗaya, a kai mata ciniki. Ta ƙarshe kuwa a bar maganar a tsakaninku, domin kwando ɗaya ba ya isa a yanke wa sana'ar mutum hukunci.

A ajiye littafi, a rubuta kwanan wata da irin kifin da farashinsa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki, ɗaya da ruwan daminarmu mai laka wajen Satumba, ɗaya da ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da sanyi, kuma ƙibar kifi tana canzawa da lokaci. Hannun da ya yi fice da kaka da bazara da damina, shi ne ya cancanci a rubuta sunansa a jikin kwali, a nemi ƙarin kuɗi a kansa. Ƙungiyoyin masunta da dillalan kifi na Yelwa za su iya ɗaukar wannan, har ma a ba shi rumfa a bikin Rigata. Tsarin kuma bai tsaya a kifi ba, yana aiki a kan zuma, da shinkafar fadama, da ganyen shayi.

In za ku fara, ku fara da tarwaɗa huɗu daga hannu huɗu a ranar kasuwa mai zuwa, kuma ku tabbatar wanda ya sayo bai sa baki a makin ba.