Injin Gudu da Rigar Leda

Wani ɗan kasuwar hatsi, haifaffen Kamarawa da rashin tsaro ya mayar da shi zaman Sakkwato, ya sayo injin gudu ɗan kwatano. Likita ne ya ce masa jininsa ya hau, suga ma na leƙowa, ya rage teɓa. Wanda ya sayar masa da injin kuma ya ɗora masa tasa fatawar kyauta: "Alhaji, in kana son wanga inji shi yi maka aiki, rufe ɗaki, kashe fanka, ka sa leda ciki kannan ka aza riga bisa. Sati biyu teɓar ga ta narke."

Alhaji ya bi umarni sau da ƙafa. Ranar farko ya sauko ledar tana ɗiga kamar an tsamo ta daga rijiya, ya hau sikeli, ya ga kilo ɗaya da rabi ya tafi, har ya kira uwargida ta zo ta shaida. Ya kwankwaɗi ruwan randa moɗa uku, ya bi da kunun zaƙi. Washegari sikeli ya maido masa da kayansa cif. A rana ta tara jiri ya kwashe shi yana tsakiyar gudu, bel ya wurga shi ya bugu da bangon da ya jingina injin da shi, gwiwa ta fashe. Yanzu a hannun injin ake shanya tawul.

Irin wannan labari ya fara yawa, kuma tushensa ba abin dariya ba ne. Mutumin Kamarawa ko Gatawa ko Isa a da bai san wani abu wai shi motsa jiki ba, don rayuwarsa kanta motsi ce: gona da asuba, fadama da rani, ranar Alhamis a nufi kasuwar Shinkafi. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, musamman daga harin Garki da ƙauyukan kewayenta a watan Mayun 2020, hanya ta zama abin fargaba, gonar nesa ta gagara. Dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka tare a Isa da Sabon Birni da Sakkwato. Mai ɗan hali a cikinsu ya koma zaman shago da zaman mota, tuwo da shayi mai kauri kuwa ba su ragu ba. Babu mai ba ɗan'uwansa shawarar ya fita tattaki bayan gari da duku-duku. Saboda haka wanda ya yi tunanin sayen injin gudu ya ajiye a gida bai yi wauta ba. Wautar tana cikin abin da ake gaya masa injin zai yi.

Injin kansa ba wani abin al'ajabi ba ne: bel ne mai juyawa a kan katako, mutum yana tafiya ko gudu a kansa bai bar inda yake ba. Kakansa ma a gidan yari aka haife shi. Wani injiniyan Ingila, William Cubitt, ya ƙera shi a 1818 don a riƙa gajiyar da fursunoni. Abin da aka yi don horo, yau da kuɗi ake sayensa.

To, a zo kan maganar gumi, domin nan ne mai wannan rubutu ya gaji da jin shirme. Gumi ba kitse ba ne. Ruwa ne da ɗan gishiri, jiki yana fitar da shi don ya sanyaya kansa, kamar yadda randa ke tsattsafo ruwa ta bayanta ruwan ciki ya yi sanyi. Da gumi kitse ne, da babu maƙeri mai tumbi a ƙasar Gobir, da mai gasa burodi ya zama tsinke, da duk wanda ya zauna cikin motar haya a tashar Sakkwato a watan Afrilu ya sauka ya sake ɗinkin wando. Lita ɗaya ta gumi nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa sikeli ke yaudarar mutum da yamma, ya ƙaryata kansa da safe.

Ina kitsen yake zuwa in ya ƙone? A 2014 wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun wallafa lissafin a mujallar likitocin Birtaniya: cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da ake fesarwa, kilo 1.6 kacal ke zama ruwa. Wato mafi yawan teɓa ta hanci take fita, ba ta fata ba. Leda ba ta ƙara wa huhu aiki mai amfani ko kaɗan. Abin da take yi shi ne ta hana gumin bushewa, jiki ya kasa hucewa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri tana tura jinin da ruwansa ya ragu, ƙoda ta shiga wahala. Mutum ya gaji da wuri, ya sauka a minti 12 maimakon 30, ya ƙona abin da bai kai rabin wanda zai ƙona ba da ya buɗe taga.

Kuma ledar tana kisa. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku, ɗaliban jami'o'in Amurka, suka mutu cikin makonni biyar suna ƙoƙarin rage nauyi da gaggawa kafin gasa, ta hanyar ƙin shan ruwa da motsa jiki cikin zafi da rigunan roba. Samari ne majiya ƙarfi, ba masu hawan jini ba. Hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigunan a 1998. Abin da ya kayar da ɗan kokawa, shi ake miƙa wa magidanci mai shekara 50, mai shan maganin hawan jini, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara. Wasu ma cikin azumi suke yi, kafin a sha ruwa. Wannan ganganci ne da rai, kuma mai sayar da injin da ya ba da wannan shawara don kayansa su shiga, ya ji tsoron Allah.

Lissafin gaskiya ba shi da daɗin ji. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mutum mai kilo 80 in ya yi gudun kilomita 5 ya ƙona kalori wajen 400, kwalba biyu ta lemon kwalba mai zaƙi sun maido da su. Kafin gudu kaɗai ya cinye kilo ɗaya sai ya yi kusan kilomita 100, abin da ya zarce nisan Sakkwato zuwa Illela. Jiki kuma ba ya zaɓar kitsen ciki ya fara da shi don an ɗaure cikin da ɗamara. Amfanin injin na haƙiƙa yana ga zuciya da jini da suga da barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, ya wadatar da baligi. Minti 30 sau biyar ke nan. Ba ya maye gurbin magani, kuma mai ciwon zuciya ko mai jin nauyi a ƙirji ya ga likita kafin ya taka bel.



Wanda ya ji duk wannan kuma yana son injin, tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta wuta ce. A yankin Isa da Sabon Birni wutar gwamnati baƙuwa ce, a Sakkwato ma ba kullum take kwana gida ba. Ƙarfin doki ɗaya, wanda ake rubuta wa HP, wat 746 ne, don haka moto mai doki biyu yana iya jan wat 1,500 in aiki ya yi nauyi. Ƙaramin janareton nan na masu cajin waya bai kai wat 1,000 ba, zai yi ta kuka yana mutuwa, kuma wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙona fanel, wato allon da ke sarrafa injin, mai tsada da wuyar samu. Sai janareto mai 2.5 kVA zuwa sama, ko sola mai inbata da batura masu ƙarfi, tare da sitabilaiza. Duk wanda bai sa kuɗin waɗannan a lissafi ba bai san farashin injinsa ba tukuna.

Sai a juya injin a duba takardar da ke manne kusa da inda wayar wuta ta shiga. Nijeriya da Nijar wuta mai bolt 220 zuwa 230 suke amfani da ita. Ɗan kwatanon da ya fito daga Amurka ko Kanada na bolt 110 zuwa 120 ne. A jona shi kai tsaye, ƙauri kawai za a ji. Yana buƙatar taransifoma mai rage wuta, babba ba ta rediyo ba. Na Turai ba shi da wannan matsala.

Lambar doki kanta akwai wayo a ciki. Kwali zai ce 3.5 HP da manyan haruffa, alhali wannan ƙarfin da moto ke kaiwa ne na ɗan lokaci kafin ya yi zafi. Abin nema shi ne CHP, ƙarfin da yake riƙewa yana aiki ba tsayawa. Mai tafiya kawai, 1.5 zuwa 2 ya ishe shi. Mai gudu na gaske, ko mai jiki, ya nemi 2.5 zuwa 3. Bel ɗin gudu ya kai faɗin santimita 50 da tsawon 140, dogon mutum ya ƙara. Ɗan siririn nan da ake turawa ƙarƙashin gado, wanda hotonsa ya cika Facebook da Jiji, na tafiya ne, ko da mai talla ya rantse. A duba iyakar nauyin da aka rubuta, a bar ratar kilo 15 zuwa 20 tsakaninsa da nauyin wanda ya fi kowa jiki a gidan, don in injin ya shigo, uwargida da amarya ma za su hau.

Ɗan kwatano mai kyau ya fi sabo marar asali, amma ba a sayensa a hoto. A je da takalmi, a hau, a yi minti 10 cur ana ƙara gudu ana ragewa. In bel yana tsayawa ɗan kaɗan duk lokacin da ƙafa ta sauka, ko yana zamewa gefe, ko an ji ƙaurin roba, a sauka a yi sallama. A zura hannu ƙarƙashin bel bayan an cire wuta: katakon ya zama sumul, ba mai kwari ko tsagewa ba. A tambayi mai kaya, in fanel ya ƙone wa ke gyarawa, a Sakkwato ko sai Kano? In ya fara kame-kame, amsar ke nan.

Wanda ba shi da wuta ko kaɗan akwai marar moto, wanda ƙafa ke tura bel ɗinsa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, ba ruwansa da fetur, sai dai na tafiya ne, gudu a kansa wahala ce. Kuma a faɗi gaskiya, mai tsakar gida mai faɗi da zai iya zagayawa minti 30 bayan sallar asuba ya riga ya mallaki rabin abin da zai kashe kuɗi a kai.

Ƙurar hunturu ita ce ajalin injin a ƙasar nan. A rufe shi da zane bayan an gama, a share ƙarƙashinsa, a sa wa bel man silikon da aka yi dominsa. Ba baƙin mai ba, ba man gyaɗa ba, ba giris ɗin babur ba. A bar fili kamar mita biyu a bayansa, abin da Alhajin Kamarawa bai yi ba. A buɗe taga, a kunna fanka, a ajiye gorar ruwa kusa, a maƙala 'yar igiyar nan mai jan maɓalli a jikin riga, wadda ke kashe injin nan take in mutum ya zame.

Magana ta ƙarshe ta yara ce. A 2009 'yar ɗan damben nan Mike Tyson, mai shekara huɗu, ta rasu bayan igiyar injin gudu ta shaƙe ta a gida. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton ya janye injinansa wajen 125,000 daga kasuwar Amurka bayan bel ya ja wani yaro ɗan shekara shida ƙarƙashi ya mutu.  Gidan Bagobiri, musamman yanzu da 'yan'uwa suka taso daga ƙauye aka haɗu wuri guda, yara goma na iya kwana ɗaki ɗaya. Duk wanda ya ajiye injin gudu a irin wannan gida, in ya sauka ya zare wuta, ya cire jan maɓallin ya sa aljihu, ya kulle ɗakin.